Me Ke Sa Shekara Ɗaya Ta Raba Zamani Biyu?

 

Duk wanda ya saba zama da tsofaffi ya san ba su cika lissafin rayuwarsu da lambobin shekaru ba. In an tambayi dattijo yaushe aka haife shi, sai ya ce shekarar da aka yi fara, ko shekara biyu kafin a kashe Sardauna. In an tambaye shi yaushe ya yi aure, sai ya ce lokacin da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Kakanninsu ma haka suka yi, suna cewa shekarar zuwan Nasara, ko shekarar Kakalaba, watau yunwar nan ta 1913 zuwa 1914. Larabawa kuwa sun daɗe da wannan al'ada, har cikin Musulunci, shi ya sa littattafan tarihi suke ambaton Shekarar Baƙin Ciki, da Shekarar Baƙi, da Shekarar Toka, da Shekarar Haɗin Kai.

To, amma shekarun da suka sami suna ba duka ne suka sake rayuwar mutane ba. Wata shekara ana tuna ta ne kurum don tsananin abin da aka gani a cikinta, da ta wuce kowa ya koma kan abin da ya saba. Wata kuwa takan zama kamar kogi tsakanin gari biyu, wanda ya tashi a wannan gaɓa ba ya gane maganar wanda ya tashi a waccan, ko da kuwa uba ne da ɗansa. Abin tambaya shi ne, me ya bambanta su? Amsar tana da amfani, domin jama'ar da ba ta iya rarrabe shekarar da ta firgita ta da shekarar da ta canja ta ba, takan zuba ido a inda ake hayaniya, alhali kuwa al'amarin yana gudana a wani wuri dabam.

A fara da Shekarar Giwa. Abrahata ya taso daga Yaman da runduna don ya rushe Ka'aba, Allah ya halaka shi da jama'arsa a kusa da Makka, kamar yadda Suratul Fili ta ba da labari. Mafi yawan malaman tarihi sun sa wannan a wajejen shekarar 570 ta Miladiyya. Babu wani abu da ya girgiza Larabawan wancan lokaci kamarsa, har Ƙuraishawa suka mai da shi mafarin lissafinsu. Amma me ya canja a ɗabi'arsu? Sun ga aya ƙiri-ƙiri, sai abin ya ƙara musu girma a idon sauran ƙabilu, kasuwancinsu ya ci gaba, gumakansu kuma suna nan inda suke. Bayan shekara arba'in da aka aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 'ya'yan waɗanda suka ga tsuntsayen da idonsu su ne kan gaba wajen ƙaryata shi. Ran da aka buɗe Makka, shekara sittin ke nan da zuwan giwa, an tarar da gumaka 360 kewaye da Ɗakin. Darajar wannan shekara ta gaskiya ita ce jaririn da aka haifa a cikinta, shi kuwa ba da shi Ƙuraishawa suke lissafi ba.

Sai a zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, Musulmi suka zauna don su tsai da mafarin lissafinsu. An ruwaito cewa Abu Musa al-Ash'ari ne ya koka da yadda takardu suke zuwa masa daga Madina babu kwanan wata. An kuma ce wata takardar bashi aka kawo wa Umar wadda aka rubuta za a biya a Sha'aban, sai ya tambaya wane Sha'aban, na bara, ko na bana, ko na baɗi. Da sahabbai suka taru, an kawo shawarar haihuwar Annabi, an kawo ta aiko shi, an kawo ta wafatinsa. Kowace ɗaya daga cikinsu babbar aba ce, amma sai aka bar su aka ɗauki Hijira, bisa hujjar cewa ita ce ta rarrabe tsakanin gaskiya da ƙarya.

Ya kamata mai hankali ya tsaya a nan ya yi nazari. In don ƙara ne da kwarjini, ai Badar ta fi Hijira, buɗe Makka ma ya fi ta. Hijirar Annabi kanta tafiya ce ta mutum huɗu a ɓoye: shi da Abubakar, da Amiru ɗan Fuhaira mai yi musu hidima, da ɗan jagora Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ wanda a lokacin ma ba Musulmi ba ne. Sun kwana uku a kogon Sauru, sa'an nan suka bi hanyar da ayari bai saba bi ba. Sarkin Rum da na Farisa suna can suna yaƙi da juna a wannan shekara ta 622, babu wanda ya aika musu da labari. Duk da haka mutanen da suka halarci Badar da buɗe Makka da kansu, su ne suka ce daga Hijira za a fara ƙirga.

Dalili kuwa shi ne, Shekarar Giwa kallo aka yi, Hijira kuwa aiki aka yi. A ta farko mutanen Makka sun hau duwatsu sun zuba ido, ba a nemi kowa ya bar kome nasa ba. A ta biyu kowane Musulmi sai da aka sa shi a tsakanin abu biyu, ko gidansa da danginsa da dukiyarsa, ko addininsa. Suhaibu ya bar wa Ƙuraishawa abin da ya tara duka don su sakar masa hanya. Abdurrahman ɗan Aufu, attajiri a Makka, ya isa Madina hannu wofi, da ɗan'uwansa na Ansaru Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya gode ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Mutanen Madina su ma an sa su sun zaɓa, domin karɓar waɗannan baƙi daidai yake da sayen gaba da Larabawa duka. Irin wannan zaɓi ba a yin sa a dawo. Balarabe wanda a da ba ya sanin kansa sai da ƙabilarsa, ya wayi gari ɗan'uwansa shi ne wanda suke sahu ɗaya da shi, ko da bawa ne daga Habasha. Cikin shekara biyu aka sami masallaci, da kiran salla, da sabuwar alƙibla, da azumin Ramalan, watau yadda mutum yake tashi da yadda yake kwanciya duk sun sake. Shekarar da ba ta shiga cikin ɗaki da kasuwa da makaranta ba, kome girman labarinta, ba ta juya kowa ba.

Akwai kuma wani al'amari da ba a cika ambatonsa a wa'azin sabuwar shekara ba, shi ne shekarun mutanen da Hijira ta tarar. Kimanin shekara biyar kafin ta, Ausu da Hazraju suka gwabza yaƙin Bu'asu, manyansu da yawa suka mutu a ciki, har Uwar Muminai A'isha ta ɗauki wannan yaƙi a matsayin share fage da Allah ya yi wa Manzonsa. Waɗanda suka rage mafi yawansu matasa ne da suka gaji da gabar da suka gada. Zaidu ɗan Sabitu yana da shekara 11 lokacin da Annabi ya iso, Anas ɗan Maliki yana da 10. Zaidu ne aka ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani a zamanin Abubakar, bai kai shekara 25 ba. Shi kuwa Abdullahi ɗan Ubayyu, dattijon da ake shirin naɗa wa sarautar garin, a wurinsa wannan shekara ita ce wadda aka ƙwace masa rawani, da wannan miki kuma ya mutu. Gari ɗaya, shekara ɗaya, amma ta tarar da wani yumɓu ne ɗanye, ta tarar da wani tukunya ce gasasshiya. Kalmar ƙarni ma da Hausa ta ara daga Larabci, asalinta ba shekara ɗari kurum take nufi ba, tana nufin mutanen da zamani ɗaya ya haɗa. Shekara ba ta juya ƙasa da duwatsu, tsara guda take kamawa a daidai lokacin da hankalinsu yake buɗewa.

Wani mai ilmin tarihi yana iya cewa duk wannan ruɗin ido ne, domin al'ada ba ta sakewa cikin wata goma sha biyu, mutane ne kawai suke son su rataya dogon al'amari a kan ƙusa ɗaya don sauƙin tunawa. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Kafin Hijira an yi shekara 13 ana tarbiyya a Makka, an yi mubaya'a biyu a Aƙaba, an aika Mus'abu ɗan Umairu ya karantar da mutanen Madina gida gida. Haka nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi tun wajen 1774, ya yi shekara talatin yana karantarwa a Gobir da Zamfara da Kabi kafin ya tashi daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ciki wata tara ne, haihuwa kuwa rana ɗaya ce, ba a kuma taɓa jin wanda ya ce ranar haihuwa ruɗi ce don an daɗe da ɗaukar cikin ba. Kafin Gudu almajirin Shehu yana iya zama almajiri kuma talakan Sarkin Gobir a lokaci guda. Bayan Gudu wannan ya gagara. Muhammadu Bello yana da shekara 23 a lokacin, ƙanwarsa Nana Asma'u kuwa wajen 11, kusan shekarun Zaidu ɗan Sabitu. Abin da ta gani tana ƙarama na ƙaura da yunwa da yaƙi shi ne ta yi ta rubutawa har tsufanta, ita ce kuma ta kafa tsarin 'yan taru na karantar da mata a ƙauyuka.

Kada mai karatu ya zaci kowace shekara mai raba zamani alheri take kawowa. Shekarar 1903 ta isa misali. Ran 3 ga Fabrairu Turawan Ingila suka ci Kano, ran 15 ga Maris suka ci Sakkwato. Nan ma sai tambayar nan ta Hijira ta dawo, amma a cikin duhu, babu Annabi da za a tambaya. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi tashi, ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bar gonakinsu suka bi shi, har Turawa suka cim musu a Burmi, aka kashe shi ran 27 ga Yuli. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka sauka a bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, garin da suka kafa yana nan da sunan Mai Wurno. Waziri Buhari kuwa, bayan ya shawarci malamai, ya zaɓi komawa Sakkwato, bisa hujjar cewa in kowane mai ilmi ya tashi, raunana da ba su iya tafiya za su zauna babu mai riƙe musu addini, ga shi kuma Turawan ba su hana salla ba. Ya rubuta risala yana bayyana uzurinsa, alamar cewa abin ya dame shi ƙwarai. Wanda yake zaune yau a inuwa ba shi da bakin da zai zargi ɗayansu. Mutane ne biyu masu tsoron Allah, sun karanta littattafai iri ɗaya, shekara ɗaya ta raba su har abada, jikokin wani suka tashi da Larabcin Sudan, na wani suka tashi da boko.

Sai dai a lura, ba ranar da aka harba igwa a ganuwar Kano al'ada ta sake ba. Talaka ya ci gaba da biyan haraji ga hakiminsa, alƙali yana shari'a, almajiri yana wanke allo. Abin da 1903 ta yi shi ne ta buɗe ƙofa, sauran abubuwa suka shigo a hankali: makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, jirgin ƙasa a 1911, sa'an nan cinikin gyaɗa da kuɗin Bature. A cikin waɗannan shekaru aka haifi Ahmadu Bello, da Abubakar Imam, da Abubakar Tafawa Balewa. Ba su ga Giginya ba, ba su ga Burmi ba, amma su ne 'ya'yan 1903 na haƙiƙa, domin ba su san wata duniya ba sai wadda ta bari. Dukkansu sun bi ta Kwalejin Katsina. Ibn Haldun ya ƙiyasta tsawon ƙarni guda da shekara arba'in, ya kafa hujja da ɗimuwar Bani Isra'ila a cikin sahara, inda sai da waɗanda suka tashi cikin ƙasƙancin Fir'auna suka ƙare tukuna aka sami masu iya shiga ƙasar da aka umarce su. Ke nan shekara irin wannan takan sami mutane kashi biyu, waɗanda suka sha zafin zaɓi, da waɗanda suka gaji sakamakon suna ganin ai haka duniya take tun fil azal.

Akwai kuma masu zaton lambar shekara ita ce sirrin. Saboda hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito game da mai jaddada addini a kan kowace shekara ɗari, duk lokacin da ƙarni ya zo ƙarewa zukata sukan tashi. Ran 1 ga Muharram 1400, daidai da 20 ga Nuwamba 1979, Juhaimanu al-Utaibi da mutanensa suka mamaye Masallacin Ka'aba da makamai da asuba, suka rufe ƙofofi, suka ce surukinsa Muhammadu al-Ƙahɗani shi ne Mahadi. Aka yi mako biyu ana faɗa a wurin da aka haramta ko da tsinke ciyawa, ɗawafi ya tsaya, ɗaruruwan mutane suka mutu, wanda aka kira Mahadi yana cikinsu. A watan Janairu na 1980 aka zartar da hukuncin kisa a kan mutum 63. Haƙiƙa shekarar 1979 ta canja abubuwa da yawa a ƙasashen Musulmi, ga juyin Iran a farkonta, ga shigar Rasha Afganistan a ƙarshenta, amma ba ta haifar da ko ɗaya daga abin da Juhaimanu ya yi mafarki ba. Kuskurensa shi ne ya juya tsarin. Sahabbai sun yi aikin, bayan shekara 17 suka waiwaya suka ba shekarar suna. Shi kuwa kwanan watan ya fara dubawa, sa'an nan ya nemi ya cika shi da jini. Har watan da aka fara lissafi da shi ma, Muharram ne aka zaɓa don shi ke bin dawowar alhazai, alhali Annabi a Rabi'ul Awwal ya isa Madina. Da a ce albarkar tana cikin daidaiton rana ne, da ba su yi haka ba.

Misali na kusa da mutanen yanzu shi ne shekarar 1976 a Nijeriya. In an ambace ta, abin da yake zuwa a zuciya shi ne safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu, da aka harbe Janar Murtala Muhammed a Ikko, kwana goma bayan ya mai da jihohi 19 ya kuma ba da sanarwar za a gina sabon babban birni a Abuja. An yi kuka na gaskiya, an sa sunansa a tituna da asibitoci da filin jirgin sama, hotonsa ya hau takardar naira 20. Amma gwamnati ta ci gaba a hannun mataimakinsa, manomi kuma ya koma gonarsa da damina ta faɗi.

A watan Satumba na wannan shekara aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro. An yi shirin karɓar yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Azuzuwa ba su isa ba, aka zauna a gindin itatuwa, malamai ba su isa ba, aka horar da waɗansu cikin gaggawa. A ƙauyukan Arewa da yawa wannan ne karo na farko da boko ya daina zama abin 'ya'yan sarakuna da ma'aikatan En'e, ko abin da dagaci yake kama ɗan wanda ba ya shiri da shi ya tura. Iyaye suka sami kansu cikin zaɓi, ko a ba da yaro, ko a ɓoye shi, ko a tura shi gabas da allonsa tun kafin masu rubuta suna su iso. Waɗanda suka ba da nasu, makarantar allo ta koma sassafe da yamma, hantsi ya zama na boko. Yarinyar da uwarta ba ta taɓa riƙe fensir ba ta koyi rubuta wasiƙa, babu mai karanta mata, babu mai jin sirrinta.

Bayan shekara goma sai ga sakamako ya fara fitowa ta inda masu shirin ba su zata ba. Littattafan soyayya na Hausa suka cika kasuwannin Kano daga tsakiyar shekarun 1980, mata suna rubutawa, mata suna saye. Tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi, wadda ta fito a 1979 da rubutun boko, ta sami dubban masu karatu da suke iya buɗe ta su kaɗai ba tare da sun durƙusa gaban malami a zaure ba. Makarantun Islamiyya masu aji da benci da jarrabawa suka yawaita. Alherin da ke cikin wannan a fili yake, haka nan kuma abin da ya zo tare da shi, watau yaro ya karanta fassara yau, gobe ya tashi yana gyara wa limamin garinsu. Dattijon da ya haddace Alƙur'ani, ya karanta Risala da Muhtasar, yake rubuta wasiƙunsa da ajami, sai ya ji ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba.

Yaran da aka rubuta sunansu a wancan Satumba yau sun ba shekara hamsin baya. Su ne shugabannin makarantu, da alƙalai, da limaman Juma'a, da manyan 'yan kasuwa, in kuma aka tambaye su abin da ya faru a 1976, mafi yawansu Murtala za su ambata. A gidaje da yawa na Kano da Katsina da Zariya gafakar kaka tana nan a rataye, cike da wasiƙu da takardun gado da na bashi da ya rubuta da hannunsa, in rabon gado ya taso sai an fita unguwa an nemo wanda zai karanta wa jikoki.